Ranar da 'Yan Kallo Suka Tsaya wa Babban Wa

Cikin duk ranakun da na yi a bakin aiki, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da mutanen Tamale suka tsayar da wasa ana tsaka da yinsa, suka ce sai an gyara labarin kafin a ci gaba. Tun da kun ce in ba ku wani abu daga aikinmu na da, to ga shi.

Farkon shekarun saba'in ne, ƙasar ba ta ma cika shekara ashirin da samun 'yancin kai ba. Ni kuma ban daɗe da kama aiki a ofishin da ke kula da al'adu da wasanni ba, a matsayin ƙaramin tafinta. Ina cikin lokacin gwaji, wato ba a tabbatar da ni ba tukuna, kuskure ɗaya ya isa a ce in koma gida. Aikina shi ne in aka kawo wasa zauren taro na gari da Turanci ko da Tonanci, yaren mutanen Kumasi, in tsaya a gefen dandamali da makirfo, duk inda aka ɗan tsagaita in faɗa wa jama'a da Hausa abin da ya gudana. Hausa ce yaren kasuwa, da ita Badagombe da Bamoshe da ɗan Zango suke haɗuwa. Ƙa'idar aikin ɗaya ce, kuma shugabanmu, Mista Ansa, wanda muke kira Massa, ya sha nanata mini ita: "Salifu, abin da aka faɗa a sama shi za ka sauko da shi ƙasa. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Wata safiya wata tsohuwar lori ta tsaya a ƙofar ofis, cike da samari da 'yan mata daga bakin teku, da akwatunan sipika manya manya. Shugabarsu wata mace ce gajera mai kaifin murya, Madam Esi, da can malamar makaranta ce. Wasan da suka kawo na waƙa ne daga farko har ƙarshe, an ɗauko labarin daga abin da suke karantawa a coci, amma kiɗan irin na samarin Turai ne da ake kira rok, da jita mai lantarki da ganguna masu ƙara kamar ana sauke kwanon rufi daga mota.

Madam Esi ba ta gajiya da ba da tarihin wasan. Ta ce a farfajiyar cocinsu suka fara shi, da molon Turawa guda ɗaya da tafi. Da yaran suka samo jita mai lantarki, dattawan coci suka ce wannan kiɗan ba zai shiga harabarsu ba, suka kore su. Sai suka koma gidan silima, inda samari suka yi ta cika wuri. Daga nan suka ɗauki hanya, gari gari, ko'ina suka je wasan sai ya ɗan canza kama. Wani wuri a ƙara rawa, wani wuri a yanke waƙa.

Labarin kuwa na wani tsoho ne mai 'ya'ya maza biyu. Ƙaramin ya ce a ba shi gadonsa tun uban yana da rai, ya tafi birni ya cinye shi a shagali, har yunwa ta kai shi ga kiwon aladu. Da wuya ta yi wuya ya dawo gida, uban ya rungume shi ya sa a yanka masa ƙosasshen bijimi. Babban wan, wanda ya zauna yana noma duk tsawon lokacin, ya ji haushi ya ƙi shiga. A yadda suke yinsa, wan nan ba shi da waƙa ko ɗaya. Yakan fito da fartanya a kafaɗa, ya ɗaure fuska, ya yi tsawa sau ɗaya, ganguna su rufe muryarsa, a shiga rawar ƙarshe. Madam ta ce a kudu har ihu ake yi masa.

Ƙa'ida ce kafin a ba kowace ƙungiya izini sai ta gwada wasanta a gaban ofis, ba 'yan kallo. Muna zaune ni da Massa, aka zo wurin kiwon aladu, sai ga Jo, kyakkyawan saurayin da ke yin ƙaramin ɗan, mai tulin gashi da wando matsattse a cinya mai faɗin ƙafa, ya shigo yana janye da alade na gaske da igiya. Massa ya miƙe tsaye bai sani ba.

Ashe a Kumasi suka sayo shi yana ɗan ƙanƙane, ana rungumarsa a hannu, ya zama shi ne abin da mutane suka fi zuwa gani. Amma tafiya ta yi nisa, yara suna ta ba shi ragowar abinci, kafin su iso wurinmu ya zama ƙato.

Massa ya ce, "Madam, wannan zauren a nan ake taron Maulidi, a nan ake walimar aure. Wannan dabbar ba za ta taka shi ranar wasa ba."

Madam ta ce in babu aladen mutane ba za su gane irin faɗuwar da yaron ya yi ba. Aka yi ta ja. Da na ga abin zai yi tsawo na ce, "Madam, ki yi haƙuri in sa baki. A garin nan sunansa kaɗai ya isa. In na faɗa a makirfo cewa ɗan mutunci ya koma kiwonsu, za ki ji da kunnenki."

Ba ta so ba, amma ta yarda. Aka kai aladen gonar wani ɗan cocinsu a unguwar Gumani ya yi hutu, mai jita kuma ya gano yadda zai murza wayoyinsa su yi gurnani. Babban jami'in gunduma ya sa hannu a izini da sharaɗi guda: in aka samu hargitsi ko kaɗan, an rufe zauren ga masu wasa sai abin da hali ya yi.

Ni ma ina da tawa damuwar. A unguwar Sabonjida nake zaune, kuma magana ta riga ta zaga cewa Salifu zai hau dandamali ya yi wa 'yan coci wa'azi. Don haka bayan sallar Isha'i na tsaya wurin limamin masallacinmu, Malam Issaka, na zayyana masa komai. Ya tambaye ni, "Akwai wanda zai fito a matsayin wani Annabi?" Na ce babu. Ya ce, "To ai labarin uba ne da 'ya'yansa. Je ka yi aikinka. Amma ka gaya musu su gama kafin Magariba." Haka aka sa wasan bayan La'asar.

Ranar kuwa zaure ya cika har tagogi. Kekunan mutanen unguwannin Nyanshegu da Gumani sun yi tsibi a gindin bishiya. 'Yan coci da ɗalibai a gaba, matan kasuwa a tsakiya, dattawa a gefe inda iska ke shigowa, ɗan sanda ɗaya a bakin ƙofa. Da aka tayar da janareto mai jita ya ja wayarsa ta farko, tsofaffi suka toshe kunne, wata mata ta ɗauki tirenta za ta gudu. Amma kafin a gama waƙa ta biyu na hango ƙafafu suna motsi a ƙarƙashin benci.

Komai ya tafi yadda muke fata. Da na fassara cewa yaron ya nemi gadonsa, wani ya yi salati da ƙarfi ya ce, "Uban yana raye?" Da aka zo wurin da muke tsoro, jita ta yi gurnani, na faɗi sunan dabbar, zauren gaba ɗaya ya ɗauki a'uzubillahi, mata suna cewa wayyo ɗan mutane. Na waiwaya na ga Madam Esi a bayan labule ta buɗe baki. Da yaron ya dawo gida cikin tsumma, uban ya rungume shi, har da masu share hawaye da bakin mayafi. Massa ya ɗaga mini babban yatsa daga inda yake zaune. Na ce a raina mun tsallake.

Sai babban wan ya fito. Wani ƙaton saurayi ne mai shiru shiru, Kwaku, wanda aka ba shi wannan matsayin ne kawai don ba ya buƙatar waƙa. Ya yi tsawarsa, ganguna suka rufe shi, 'yan rawa suka fara shigowa. Ni kuma na ce a makirfo, "Wan ya yi fushi, amma biki ya ci gaba."

"Tafinta! Dakata!"

Alhaji Braima ne, dillalin shanu, wanda duk kasuwa ta san muryarsa. Ya miƙe tsaye ya ɗaga lemarsa sama. Mai ganga ya ga dattijo a tsaye, ya dakatar da kiɗa, sauran makaɗan ma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya har wurin ya yi tsit.

Alhaji ya ce, "Tambayar mini tsohon nan. Shi wanda ya zauna ya yi masa noma, me aka yanka masa?"

Kafin ya rufe baki wuri ya kaure. "A tambaye shi!" "Gaskiya ne!" Mu da muka yi ta fargabar alade, ba wanda ya tuna da wannan. Rabin mutanen da ke zauren nan su ne waɗanda suka zauna. Ƙannensu sun tafi kudu gonakin koko da ramukan zinariya, wasu sun dawo da rediyo, wasu sun dawo da tari, su kuwa suna nan da gona da tsofaffi. Labarin da ake yi wa ihu a bakin teku, a nan kusan kowa ya ga kansa a ciki.

Na dubi Massa. Yana juya hannu da sauri, alamar a ci gaba da kiɗa a rufe maganar. Ɗan sandan ya baro ƙofa ya fara kutsowa wajen Alhaji. Na san in ya taɓa rigar Alhaji Braima a gaban 'yan kasuwa, hargitsin da aka gargaɗe mu a kai ya samu, kuma ba zaure kaɗai za a rufe ba. Na kuma san ƙa'idata daga sama zuwa ƙasa ce. Sai na juya wa jama'a baya, abin da ban taɓa yi ba, na fuskanci dandamali na faɗi tambayar Alhaji da Turanci, a makirfo, kowa yana ji.

Ɗan sandan ya tsaya. Mai yin uban, wani saurayi da aka manna wa gemun auduga, ya yi tsuru tsuru yana neman Madam da ido. Wanda ya ba kowa mamaki Kwaku ne. Ya sauke fartanyar daga kafaɗa, ya karɓi makirfo daga hannun wata 'yar rawa, ya fara magana da Tonanci, a hankali, rabi magana rabi waƙa. Mai babbar jita ya shiga binsa da sauti ƙasa ƙasa. Ni kuma ina biye da Hausa, layi bayan layi.

"Wa ya yi jinyar tsohon nan da baƙin cikinka ya kwantar da shi? Wa ya rufe ɗakin da ruwa ya yaye? In an tambaye shi ina ɗansa, hanya yake kallo, ni kuwa ina tsaye a bayansa da ƙwaryar abincinsa."

Ban san daga ina Kwaku ya samo kalmomin nan ba, ban kuma tambaye shi ba daga baya. Amma muryarsa ta karye a na ƙarshen, zauren kuma ya amsa da wata irin ƙara da ban taɓa ji ba.

Madam Esi ta rarrafo ta bayan sipika ta raɗa wa mai gemun auduga wani abu. Daga baya ta gaya mini cewa a littafinsu uban yana da amsa, su ne suka yanke ta a Kumasi don a samu lokacin shigo da alade. Saurayin ya gyara murya ya ce wa Kwaku, shi ai bai taɓa rabuwa da shi ba, kuma duk abin da ya mallaka nasa ne. Na fassara.

Wasu suka gyaɗa kai. Amma Hajiya Adiza mai koko, wadda ke zaune a tsakiyar matan kasuwa, ta ce, "Daɗin baki! Tafinta, gaya musu, tsohon ya yi nasa. Saura shi mai gashin. A garin nan ƙarami ba ya dawowa daga yawon duniya ya zauna kan nama bai durƙusa wa wansa ba."

Na mayar da wannan ma sama. Jo ya ce shi fa ba a rubuta masa haka ba. Shi ne tauraron wasan, hotonsa ne a jikin lori. Madam ta leƙo ta ce masa kalma biyu da Tonanci waɗanda ba zan fassara muku ba. Ya matso kusa da ni yana gumi ya ce, "Me zan ce?" Na rufe makirfo da tafin hannu na ce, "Ka tsuguna har ƙasa, ka ce, Gafara, Yaya."

Ya je gaban Kwaku. Ya fara sauka a hankali, yadda ya ga ana gaida dattawa a bakin kasuwa. Wandon nan kuwa ba a ɗinka shi don tsuguno ba. Yana kaiwa ƙasa sai ji muka yi ɓarrr, tun daga ƙugu har cinya, kuma makirfo ɗin da ke hannunsa ya kai ƙarar har wurin masu kekuna.

Dariya ta ɓarke. Har ɗan sandan ya dafa bango. Jo ya kasa tashi, don in ya tashi abin ya fi muni, ya kasa zama, ya duƙar da kai tulin gashin yana rawa. Cikin wannan hali, murya can ƙasa, ya ce, "Gafara, Yaya."

Kwaku ya dube shi. Shi ma dariyar ta kusa kufce masa, na ga leɓensa yana motsi. Sai ya kwance zanen noma da ke ɗaure a ƙugunsa, ya zagaya bayan Jo ya ɗaura masa, ya kama hannunsa ya tashe shi tsaye. Dariyar ta mutu da kanta. Na ji wata tsohuwa a gaba ta ce, "Ya rufa masa asiri." Ban fassara komai ba a wurin, babu abin fassarawa.

Alhaji Braima ya sauke lemarsa ya ce, "To. Yanzu a yanka bijimin." Ya zauna.

Mai ganga ya saki hannu, aka yi rawar ƙarshe, Jo yana yi da zane a ƙugu. Muna kashe janareto ladan yana ɗaga murya.

Washegari Massa ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce, "Wa ya ba ka izinin ɗaukar magana daga ƙasa zuwa sama?" Na ce babu. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce da abin ya juye da shi za a fara kora kafin ni, kuma gaskiyarsa ne. Ya ce wannan gargaɗi ne na baki, ba zai sa a fayil ba. Ina shirin fita ya ce in wuce masaukin Madam Esi, tana nemana in koya wa yaranta yadda ake tsugunon da kyau. Da lokacin gwajina ya cika aka tabbatar da ni, Massa bai sake ta da zancen ba.

Madam ba ta yar da abin da ta tsinta ba. Kafin su bar gari sun zauna sun mayar da maganar Kwaku cikakkiyar waƙa, sun dawo wa uban da amsarsa. Ta kai wandon Jo wurin wani tela a kasuwa, ta ce ya ɗinke shi da zare marar ƙarfi yadda zai riƙa yagewa a kowane wasa. Telan ya ce tun da ya fara sana'a ba a taɓa ba shi aikin ɓata ɗinki da gangan ba. Aladen kuwa a Gumani suka bar shi. Daga baya direban lorin ya gaya mini cewa da suka koma kudu da sabon salon, har wasu daga cikin dattawan da suka kore su sun zo kallo.

Bayan shekaru masu yawa, na riga na zama babban tafinta, aka tura ni wani taron ƙara wa juna sani a Kumasi. Da yamma aka kai mu wata makarantar sakandare mu ga wasan ɗalibai. Ana farawa na gane shi. Ƙungiyar Madam ta daɗe da watsewa, yaran nan ba a ma haife su ba lokacin da aka zo Tamale, amma ga babban wa da doguwar waƙarsa, ga ƙaramin ya tsuguna, ga wando ya yage, ga zane. Yaron ya duƙar da kai ya ce, "Gafra, Yaaya."

Da aka tashi na sami malamin da ya koya musu, na tambaye shi ma'anar kalmomin nan biyu. Ya gyara tabarau ya ce mini ai tsohon yaren ƙasa mai tsarki ne, haka suka gaje shi a wasan, ba a taɓa shi. Na ce masa Allah Sarki, ashe haka ne. Na yi masa godiya na fito, ina tafe ina dariya ni kaɗai har masauki.

Ku da kuke shiga aikin nan yanzu, za a koya muku kada ku ƙara kada ku rage, kuma ku riƙe wannan, don shi ne mutuncin tafinta. Abin da ba a koya mini ba, sai da na tsaya tsakanin Alhaji Braima da mai gemun auduga, shi ne mutanen da ke kan benci ba kunne kaɗai suka zo da shi ba. Sun san rayuwar da ake nuna musu, wani lokaci fiye da masu nuna ta. In ɗayansu ya miƙe da magana, ku saurara tukuna kafin ku nemi ɗan sanda.